Hoton mace a hatimin ƙasa: alamar mulkin mata ce?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗaliba ce a Garwa. A hatimin ƙasarmu Kamaru akwai kan wata budurwa, an kuma ce mini na Gabon uwa ce tana shayar da jariri. Shin mata ne ke riƙe da mulki a ƙasashen nan tun asali? Me ya sa kuma ba a cika ganin mace a tuta ba?

Amsa: Wa alaikumus salam, malama. A'a, ba haka ba ne. Budurwar da ke hatiminku, wadda ke fuskantar reshen kofi, ga kuma 'ya'yan koko biyar a ɗaya gefen, ba wata sarauniya ba ce. Ƙasar ce kanta aka siffanta da mace, kuma daga Faransa aka gaji salon. Tun 1792 Faransawa suka sa mace a hatimin jamhuriyarsu, wadda ake kira Mariyan, amma matan Faransa ba su sami ikon jefa ƙuri'a ba sai 1944. Gabon ma, da uwarta mai shayarwa, sau ɗaya mace ta shugabance ta: Rose Francine Rogombé, riƙon ƙwarya na 'yan watanni a 2009 bayan rasuwar Omar Bongo.

In kina neman tambarin da ke nuna ikon uwa na gaske, ki duba Eswatini, wadda ake kira Swaziland kafin 2018. Babu hoton mace a tambarinta ko kaɗan. Garkuwa ce a tsakiya, zaki da giwa suna riƙe da ita. Zakin shi ne sarki, Ngwenyama. Giwar ita ce uwar sarki, Ndlovukati. Wannan kuwa sarauta ce mai fada da hadimai, kusan kamar Magira a tsohuwar daular Borno. Wata Ndlovukati mai suna Labotsibeni ta riƙe ƙasar daga 1899 zuwa 1921, lokacin da jikanta Sobhuza na Biyu yake yaro. Da shi kuma ya rasu a 1982, matarsa Dzeliwe ce ta karɓi riƙo, sannan wata matar tasa Ntfombi, har ɗanta Mswati na Uku ya hau gadon sarauta a 1986. Duk da haka ba zan kira shi mulkin mata ba, domin ta wajen uba ake gadon sarautar, uwa kuma albarkacin ɗanta take samun muƙamin.

Inda ake bin dangin uwa wajen gado ma, ba lalle ki ga mace a alama ba. A wurin Asante na Ghana, uwar sarauta, Asantehemaa, ita ke gabatar da wanda zai zama sarki, amma alamominsu Kujerar Zinariya ce da beguwa. Minangkabau na Sumatra ta Yamma a Indonesiya Musulmi ne, gida da gona kuma daga uwa suke sauka zuwa 'ya. A tambarin lardinsu an zana babban gidan gadon nan nasu mai rufi kamar ƙahon ɓauna, tare da rufin masallaci. Wanda bai san cewa mata ne masu gidan ba, gini kawai zai gani. A ganina wannan ya fi kusa da abin da kike tambaya fiye da duk kawunan 'yan matan da ke hatimai.

Batun tuta kuwa mai sauƙi ne: daga nesa ake hangen ta, iska na kaɗa ta, shi ya sa ake zaɓar launi da tauraro da wata, ba fuskar mutum ba, mace ko namiji. 'Yan kaɗan da suka saɓa, tambari ne aka ɗora a kan ƙyalle, kamar tutar tsibirin Montserrat da ke ƙarƙashin Birtaniya. Macen da ke kanta, mai koren tufafi, tana wakiltar ƙasar Ayalan ne, saboda mutanenta da suka zauna tsibirin tun ƙarni na 17.