Likita, katakon yanka na ya yi funfuna

Tambaya: Salam likita, tun da damina ta kankama katakon da nake yanka albasa da nama ya yi baƙi-baƙi a gefe har da wani farin gashi-gashi. In jefar ne ko akwai dabara? Daga wata uwargida a Kaduna.

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Funfuna ce, kuma danshi ne abincinta, na san dai ana wankewa ne a kife shi a bayan tukwane bai bushe ba. In sama-sama ce ki wanke da ruwan zafi da sabulu da buroshi, ki barbaɗa gishiri ki dirje da ɓarin lemon tsami, ki ɗauraye tas. Sai ki zuba bilic, wato ruwan nan na sa farin kaya haske da kashe ƙwayoyin cuta, cokali 1 babba a ruwa lita 4 ki kwarara masa ya ɗau 'yan mintuna, ki sake ɗaurayewa ki jingina shi a tsaye inda iska ke bugawa ta ko'ina. Amma don Allah kar ki haɗa bilic da khal ko lemon tsami wai don ya fi ƙarfi, iskar kulorin suke fitarwa mai shaƙe mutum, mai asma ma kar ya tsaya wurin. In kuwa katakon ya tsattsage baƙin ya shige ciki, ko dai kafinta ya kankare saman ko ki haƙura da shi.

Tambaya: Likita yarona ɗan shekara 4 ya kwana yana zawo bayan cin salak, ko funfunar katako ce?

Amsa: Sannu, Allah ya ba shi lafiya. Ni na fi zargin ɗanyar kaza gaskiya. A yanka kaza, a goge da tsumma, a ɗora latas da tumatir a wuri ɗaya, ƙwayar salmonela ta samu hanya ke nan tunda salak ba ya ganin wuta. Ku yi katako biyu, na nama daban. Yanzu a ba yaron ORS (ruwan gishiri da sukari) da zinc, in akwai jini a bayan gida, ko zazzaɓi, ko ya ƙi shan ruwa, a tafi asibiti yau ba sai gobe ba.

Tambaya: An ce in shafa wa katakon yanka man gyaɗa kar ya tsage?

Amsa: A'a, man girki yana tsufa cikin katako ya yi wari. Man minaral na abinci ake shafawa, wato wani tataccen mai marar launi da wari da ba ya cutarwa in ya taɓa abinci, kuma jiƙa shi a baho ya kwana shi ke tsaga shi tun farko.

Tambaya: Turminmu ma ya yi kore-kore a gindi, da shi muke daka gyaɗa, akwai matsala?

Amsa: Akwai Yaya. Turmin a kankare a wanke a kifa shi a karkace ya sha iska, muciya da akushi ma haka. Gyaɗar ce ta fi damuna, funfunar gyaɗa da masara tana fitar da guba mai suna afalatoksin, tana lalata hanta har ta kai ga ciwon daji (kansa), kuma suya ko dahuwa ba sa kashe ta. Duk ƙwayar da ta motse ko ta canza launi a tsince a zubar, kar a ba kaji ma.