Matakin ƙafa ya lanƙwashe, birkin baya ya ƙi komowa: walda ko canji?

TAMBAYA: Salam oga, dan Allah ina da tambaya. Ni ɗan acaɓa ne a Daura, ran Lahadi na ɗauko buhun gero daga kasuwar Mai'adua yashi ya kada ni ta hannun dama, tun daga nan matakin ƙafa ya lanƙwashe, kuma in na taka birkin baya baya komowa sai na ɗago shi da ƙafa. Mai walda yace in kawo ya ɗana mani a jikin mashin ɗin. In kai ko in sayi sabo?

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, sannu, Allah ya kiyaye gaba. Da farko dai dan girman Allah ka aje ɗaukar fasinja har ka gyara, birkin da baya komowa yana nan riƙe da taya kana tafiya, in ka yi tafiya kaɗan ka taɓa kwanon birkin baya zakaji ya ɗau zafi, ga shan mai ga cinye takalmin birki.

Yawancin mashinan da muke hawa nan, matakin gaba ƙarfe ɗaya ne dogo da ya ratsa ƙarƙashin inji, noti huɗu ke riƙe shi, jak ɗin gefe ma a jikinshi yake. To da ya lanƙwashe sai ya riƙa gugar fedar birki, duba wurin zakaga inda fenti ya goge yana ƙyalli. Wani lokaci kuma fedar ce da kanta ta karkace, ko sifirin ɗin da ke maido ta ya fice.

Maganar walda a jikin mashin kam ban yarda ba wallahi. Tankin mai na nan saman kanku, wutar walda tana iya ƙona CDI, wato ɗan akwatin da ke ba filogi wuta, sannan shi kesin inji alminiyom ne baya son zafi baya son duka. An taɓa kawo mani wani mashin nan wajen Ƙofar Ƙaura, an buge mashi mataki da guduma ba a kwance ba, kesin ya tsage daidai ramin noti, baƙin mai na ɗiga kan ƙasa, aikin da bai taka kara ya karya ba ya koma sauke inji. Kwance matakin, sifana 12 ce yawanci, a gasa shi a miƙe a ƙasa. In lanƙwasa ce kawai zai yi. In ya tsage ko an taɓa yi mashi walda a wurin, sayi sabo, kuma ka tafi shago da tsohon matakin ka gwada ramukan, don na Boxer daban na Jincheng daban. Wanda ke riƙe matakin fasinja in na alminiyom ne kar ma ka wahalar da kanka, karyewa yake in an ce za a miƙe.

Wajen maidawa ka fara ɗaura notin da hannu duka huɗun kafin ka sa sifana, in ya cije kada ka matsa, zaren cikin kesin ke cinyewa. Zare fedar ka wanke yashin, ka sa giris, ka maida sifirin. Sai ka saita notin sandar birki ta baya, fedar ta sauka kamar milimita 20 zuwa 30 kafin ta kama. Ɗora mashin kan jak ɗin tsakiya ka juya taya, in ka saki birki ta tafi ba guga, ka duba wutar birki tana kamawa, sannan ka hau titi.