Amsa ga ɗan'uwan da taronsa na neman dabara ke tashi hannu rabbana

Assalamu alaikum ɗan'uwa. Na ga tambayarka, inda ka ce duk sanda ka tara ma'aikatanka don a nemo mafita, mutum biyu ko uku ne ke ta zuba, sauran sai gyaɗa kai, a ƙarshe a tashi da abin da kowa ya riga ya sani. Na daɗe ina jagorantar irin wannan zama, bari in faɗa maka abin da na gani.

Kada ka zargi basirar mutanenka, tsarin zaman ne ke rufe musu baki. Wannan salo na a tara jama'a kowa ya jefo abin da ya zo masa, wani mai harkar talla a Amurka, Alex Osborn, shi ya yaɗa shi, kuma sharuɗɗansa ba su da laifi: kada a kushe shawarar kowa a lokacin, a tara da yawa, a bar ko wadda ta yi kama da shirme ta fito, kowa ya ɗora a kan ta wani. Amma tun a 1958 masu bincike a Jami'ar Yale suka gwada, suka ga idan kowa ya zauna shi kaɗai ya yi tunani sannan aka haɗa, an fi samun shawarwari masu yawa a kan idan aka tara su wuri ɗaya suna magana. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Baki ɗaya ne ke magana a lokaci guda. Kafin layi ya zo kanka abin da ke ranka ya gudu, ko ka ji wani ya faɗi makamancinsa ka haɗiye naka. Ga kuma tsoron a yi maka dariya a gaban oga.

Saboda haka ni yanzu ba na bari a buɗe baki sai an yi rubutu. Ina raba wa kowa takarda, a yi shiru kamar minti goma, kowa ya rubuta abin da yake gani, babu suna. Akwai wani tsari da Bernd Rohrbach ya fito da shi a Jamus a ƙarshen shekarun 1960, ana ce masa 6-3-5: mutum 6, kowa ya rubuta shawara 3 cikin minti 5, sai ya miƙa wa na kusa da shi ya ɗora nasa a kai. Idan takardun suka zagayo, cikin rabin awa za a iya tara shawara 108. Da yawansu ba za su yi amfani ba, kada hakan ya dame ka, ƙwaya biyu masu kyau kake nema.

Ga abin da ya sa na yarda da wannan. A wani wuri da na yi aiki, kwastomomi suka yi ta ƙorafin kaya ba sa isa a kan lokaci. A taro kowa maganarsa ɗaya: a ƙaro mota, a ƙaro direba. Ranar da muka koma rubutu, sai ga wata takarda da layi biyu kacal, cewa direbobi na ɓata lokaci a hanya suna ta kiran ofis saboda fom ɗin oda ba shi da gurbin kwatance, kuma lambar waya ɗaya ake karɓa. Daga baya muka gane yarinyar da ke amsa waya ce ta rubuta, wadda ban taɓa jin muryarta a taro ba. Ita ce kullum kiran direbobin ke faɗowa a kanta. Aka gyara fom, ƙorafin ya ragu sosai, ba a sayi ko taya ba.

Wannan ya kawo ni kan tambayar da kake ɗora wa mutane. Idan ka ce "yaya za mu ƙara ciniki?" za ka sami amsa mai faɗi wadda ba ta kama komai. Ka matse ta: me ya sa wanda ya saya sau ɗaya ba ya dawowa? A kamfanin Toyota, wani babban injiniyansu, Taiichi Ohno, ya koyar da ma'aikata su tambayi "me ya sa?" har sau biyar a jere kafin su yarda sun kai ga tushen matsala. Sau da yawa a tambaya ta uku za ka ga ashe ba abin da kuka zauna a kansa ne ke ciwo ba. Ka tura musu tambayar tun jajibiri, su kwana da ita.

Kai kuma, a matsayinka na shugaba, ka zama na ƙarshen magana. Wannan shi ne mafi wuya, na sani. Amma da zarar ka ce "ni a ganina", an gama, duk wanda zai yi magana bayanka gyara maka zance kawai zai yi. Ko yamutsa fuska ka yi, sun gani.

Zaɓen shawarar da za a ɗauka kuma a ware masa nasa zaman, kada a haɗa shi da na tarawa. Idan kun tsayar da ɗaya, ku yi abin da wani masanin halayyar ɗan Adam, Gary Klein, ya ba da shawara: ku ƙaddara an yi shekara guda, aikin ya rushe, kowa ya rubuta abin da ya kashe shi. A nan ne mai shakka ke samun damar faɗin gaskiya ba tare da an ce yana yi wa aiki baƙin ciki ba. Sannan kada a tashi sai an rubuta wanda zai gwada da ranar da zai kawo rahoto, kuma waɗanda ba a ɗauki tasu ba a gaya musu dalili, in ba haka ba zama na gaba takarda fara za su miƙo maka.

Ba ka faɗi yawanku ba. Idan kun wuce takwas, ka raba su gida biyu, kuma ka tabbata a kowane gida akwai wanda ke fuskantar kwastoma kai tsaye. Allah ya ba da sa'a.