Tambaya da Amsa: Shekarun Obama a Majalisar Jihar Illinois

Tambaya: Assalamu alaikum. Na ji ana cewa Barack Obama ya taɓa zama ɗan majalisar jiha kafin ya shugabanci Amurka. Shin gaskiya ne, kuma me ya tsinana wa talakawa ta fuskar tattalin arziki da ilimi a wancan lokaci?
Daga wani malamin makaranta a Zariya

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Gaskiya ne. An zaɓe shi a 1996, ya kama aiki a Janairun 1997 a majalisar dattawan jihar Illinois mai kujeru 59, yana wakiltar mazaɓa ta 13 a kudancin birnin Chicago, inda baƙaƙen fata suka fi yawa. A lura cewa majalisar dokokin Illinois zaure biyu gare ta, na dattawa da na wakilai, saɓanin jihohin Nijeriya masu zaure ɗaya.

Shekaru shida na farko ya yi su ne jam'iyyarsa ta Dimokurat tana adawa, don haka babu ƙudurin da zai kai labari sai ya shawo kan 'yan Rifablikan masu rinjaye. A ganina, aikinsa mafi tasiri a wannan tsakani shi ne dokar rangwamen haraji ga ma'aikata masu ƙaramin albashi, wadda yana cikin waɗanda suka gabatar da ita, aka kuma zartar a 2000. Gwamnatin tarayya tana ba da irin wannan rangwame tun 1975, sai Illinois ta ɗora nata a kai, kashi 5 cikin ɗari na abin da tarayya ke bayarwa. Da farko dokar tana da naƙasu babba, domin ragi kawai take yi daga harajin da ake bin mutum, saboda haka magidancin da albashinsa bai taka kara ya karya ba, wato wanda ya fi kowa buƙata, shi ne ya fi samun kaɗan. A 2003, bayan jam'iyyarsa ta karɓi rinjaye, aka gyara ta yadda idan rangwamen ya zarce harajin, gwamnati za ta biya mutum rarar kuɗi a hannu, aka kuma mayar da dokar ta dindindin. A shekarar ce ya zama shugaban kwamitin lafiya da walwalar jama'a, ya kuma jagoranci faɗaɗa inshorar lafiya ta yaran marasa galihu.

Ta fuskar ilimi kuwa, abin da ya fi mayar da hankali a kai shi ne ƙananan yara: ya goyi bayan ƙara kuɗin karatun share fagen firamare da tallafin renon yara ga iyaye ma'aikata. A wajen majalisa ya shugabanci hukumar gudanarwar wani shiri na gyaran makarantun gwamnati a Chicago daga 1995 zuwa 1999, wanda gidauniyar Annenberg ta ba dala miliyan 49.2. Tun da ku malami ne, ya kamata ku san sakamakon: binciken da aka fitar a 2003 ya nuna ɗaliban makarantun da shirin ya shafa ba su zarce sauran takwarorinsu na birnin ba, abin da ke da ban takaici idan aka dubi yawan kuɗin.

Ya nemi tikitin majalisar wakilai ta tarayya a 2000, Bobby Rush, wanda ke riƙe da kujerar a lokacin, ya kayar da shi, sai Obama ya ci gaba da zama a majalisar jihar har Nuwamban 2004, lokacin da ya ci kujerar majalisar dattawan Amurka.