Kafin Ka Mayar Da Lissafi Cikin Rumbun Bayanai

Ka tambaye ni dalilin da ya sa na hana ka tura lissafin kasafin da ka yi a Excel kai tsaye cikin rumbun bayanai, wato ma'ajiyar bayananmu ta kwamfuta, alhali jimla ta fita daidai. To, zauna ka ji, ƙanena.

Rumbu bai san layi na biyar ko na ashirin ba. Lambar shaida kawai ya sani, wato lambar da ke bambanta kowane layi da sauran. In ka jera ƙananan hukumomin Gombe 11 daga Akko zuwa Yamaltu/Deba, sannan wani ya sake jera su bisa yawan kuɗi, kai kuma ka bi jeri wajen turawa, kason Dukku zai faɗa gidan Kaltungo, jimla kuma ba za ta motsa ko da kwabo ɗaya ba. Wannan ita ce ɓarnar da ta fi ba ni tsoro, domin babu abin da zai tona ta. Kuma ka lura, lambobin ma'aikatu da yawa da sifili suke farawa, Excel kuwa yana cinye sifilin farko muddin ya ɗauki abin a matsayin adadi. Ka mayar da gidajen Excel da lambobin nan za su shiga su zama na rubutu tun kafin ka zuba komai. Lambar da ta wuce alƙaluma 15 ma, sauran sifili yake mayar da su.

Fomula ba ta shiga rumbu, sakamakonta ne ke shiga. Abin da ido ke gani kuma ba lallai shi ne ke cikin gidan ba: ka ga 12.50, a ƙasa 12.4967 ne. Ka daidaita adadin tukuna da ROUND, fomular da ke kai shi adadi mafi kusa. Gidan da ya nuna #N/A, alamar cewa fomula ba ta samo abin da take nema ba, kada ka cike shi da sifili don ka huta. Je ka nemo abin da ya ɓace.

Sai batun lokaci. Ka ɗebo bayanai ranar Litinin, ka gama ranar Alhamis. A tsakani wata ma'aikaciya ta gyara kason wani asibiti bisa umarnin darakta. Ka tura naka, ka shafe nata, ba ta sani ba, kai ma ba ka sani ba. Shi ya sa nake so kowane layi ya zo da lokacin da aka taɓa shi na ƙarshe. In ya canza, a tsaya a tambaya.

Baƙo a zaure yake tsayawa kafin a ce ya shigo. Haka lissafinka: ya sauka a teburin jira, wato wurin ajiya na wucin gadi kafin shiga ainihin rumbun, mu ƙirga layuka, mu gwada jimla, mu ajiye kwafin tsohon. Sannan a shigar da shi a dunƙule, ko duka su shiga ko kada ɗaya ya shiga, saboda wuta na iya ɗaukewa ana tsaka da aiki.

Gobe ka fara gwadawa a rumbun gwaji da kason Billiri kaɗai, ka kawo mini na gani.