Alamar da tsoho ya nuna min a jikin ɗorawa

Jiya muna cin abinci a inuwar tifa ka ce min, wai Oga, me ya sa titin Abuja zuwa Kano yake ta kwana-kwana alhali ga katafila da za ta miƙe shi ɗoɗar, kuma me ya sa ake cinye watanni ana jibga ƙasa da gina kwalbati kafin a ga kwalta. Ka ga na yi shiru na tashi. Ba da kai nake fushi ba, yaro. Tambayarka ce ta fama min wani tsohon miki. Yanzu zauna ka ji, kuma ka ajiye wayar nan, don ba zan maimaita ba.

Titin nan kilomita wajen 375 ne daga Zuba zuwa Kano. An mai da shi tagwaye tun zamanin Babangida, sannan a ƙarshen 2017 aka ba kamfanin Julius Berger kwangilar sake shi, aka fara aiki a 2018, aka yanka shi gida uku: Zuba zuwa Kaduna kilomita 165, Kaduna zuwa Zariya 73, Zariya zuwa Kano 137. Wannan kowa zai iya faɗa maka. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne ƙasar da ke ƙarƙashinsa ba iri ɗaya ba ce. Daga dutsen Zuma ka bi ta Tafa, Jere, Katari, Rijana har Kakau, tuddai ne da kwari da rafuffuka, ga damina mai tsawo. Ka haye kogin Kaduna ka wuce Rigachikun da Jaji, ƙasa ta fara shimfiɗuwa. In ka wuce Kwanar Dangora ka doshi Kadawa da Kura kuwa, ka shiga gonakin shinkafar da ake ba ruwan madatsar Tiga, inda ko da rani ƙasa a jiƙe take. Safiyo mai hankali doron tudu yake bi, ya kauce wa fadama, ya nemi inda rafi ya fi ƙunci kuma gaɓarsa ta fi ƙarfi ya tsallaka ta nan. Kwanar da kake gani tana ba ka haushi, sau da yawa ruwa aka guje wa, ko dutsen da fasa shi zai ci kuɗin kilomita guda, ko gari da maƙabartarsa.

Zancen share daji da kwashe baƙar ƙasa da kafa fegi, wato turakun da ke nuna inda titi zai bi, ba zan ɓata bakina a kai ba. Wanda ya yi wata uku a wurin aiki bai gane wannan ba, ya koma sayar da rake.

Kwalbati ka tambaya, to ga labarin kwalbati. Lokacin ina da ƙarfina, na riga na yi suna a ciko da daɓe, har na tara na sayi tifa tawa ta kaina. Shekaru na yi ina hana kaina sabuwar riga kafin motar nan ta zo hannuna. Sai wani ɗan kwangila, wanda ba zan kama sunansa ba don yana da 'ya'ya, ya samu aikin wata hanya da ke fita daga babban titi ta shiga ƙauyuka, ya yanka min wani yanki da ya ratsa fadama: ni ne ciko, ni ne kwalbati, a biya ni in an auna. A takardar injiniya kwalbati mai ɗaki uku aka zana, na kankare da rodi, wanda mutum zai shiga ciki a tsaye.

Ranar da muke kafa fegi wani tsoho manomi ya zo ya tsaya yana kallonmu, bai ce uffan ba har rana ta take. Sannan ya ja hannuna ya kai ni gindin wata ɗorawa, nesa da rafin sosai, ya ɗora tafinsa a jikinta daidai ƙirjina. Ya ce nan ruwa yake kaiwa in Agusta ta yi Agusta. Na duba, ga tabon laka ya bushe a ɓawon itacen, ga ciyawa ta maƙale a rassan ƙasa. Na gani da idona, yaro. Wannan ne yake ci na har yau.

Bayan mako biyu mai kwangila ya zo da mota mai sanyi, ya kira ni gefe, ya dafa kafaɗata yana ce min Alhaji, alhali ban je Makka ba a lokacin. Wai siminti ya yi tsada, rodi ya yi tsada, gwamnati ba ta saki kuɗi ba, mu sa zobban kankare layi biyu masu faɗin santimita 90 mu rufe, ai rafin ko akuya tana tsallake shi. Wai ya riga ya gama magana da na sama. Na faɗa masa zancen tsoho da ɗorawa, ya yi dariya ya ce yaushe manomi ya zama injiniya. Na ce to a rubuta min a takarda. Ya ce haba, tsakanina da kai har sai da takarda? Kunya ta kama ni. Ga leburori talatin suna jiran kuɗin mako, ga mai gidan mai yana bina bashi. Na sa zobba. Bai tsaya nan ba, ya ce a gaggauta ciko kafin manya su zo dubawa. Ni da na san ƙa'ida, a zuba jar ƙasa kaurin santimita 15 zuwa 20, tanka ta yayyafa ruwa daidai yadda in ka dunƙula a hannu za ta kama ba ta ɗiga ba, rola ta bi ta danne, a gwada, sannan a ƙara wani shimfiɗin, ni ne na tsaya ina kallo ana juye tifa kan tifa, rola ta bi sama sau biyu a ce an gama. Sama ya yi sumul kamar daɓen ɗakin amarya. Ciki kuwa garin tuwo ne.

Ruwan farko da na biyu ba su yi komai ba, har na fara cewa ko tsohon ya cika baki. Daren wata Alhamis cikin Agusta aka kwana ana ruwa. Da asuba mai gadi ya zo a kan keke, jikinsa duk laka, bai ma iya yin sallama ba. Da na isa, fadamar ta zama tafki. Zobban sun toshe da kara da reshe, ruwa ya taru a baya har ya kai daidai inda tsohon ya ɗora hannu, ya jiƙa cikon da ba a danne ba, ya huda ta gefen zobe, ya tafi da hanyar gaba ɗaya. Zobe ɗaya a cikin gonar dawar wani muka tsince shi. Tsohon yana tsaye a bakin ruwa da sandarsa. Bai ce min komai ba, kuma da ya zage ni da ya fi min sauƙi.

Da injiniyoyi suka zo, mutumin nan ya buɗe takardar zane a kan bonet, ya nuna ɗaki uku, ya juyo ya dube ni a gaban yarana ya ce, wa ya ba ka izinin canzawa? Ko ƙifta ido bai yi ba. Ba a biya ni ko sisi ba. Na sayar da tifar na biya leburori da mai da gonar da ruwa ya cinye, na koma tuƙa gireda a ƙarƙashin yaron da ni na koya wa riƙe sitiyari. Shi kuwa bayan shekara biyu na gan shi ya samu wata kwangilar da ta fi waccan. Na bar shi da Allah, amma ban yafe ba, kuma ba zan yi maka ƙaryar na yafe ba.

Shi ya sa in na ji ku 'yan zamani kuna ɗokin ranar zuba kwalta don ku ɗauki hoto ku sa a Facebook, raina yake ɓaci. Kwalta fata ce kawai. A ƙarƙashinta akwai dakakken dutse, ƙarƙashinsa jar ƙasa, ƙarƙashinta cikon da ya ɗauki nauyin tirela mai siminti buhu ɗari shida. A titin Kano har tsohuwar kwaltar aka riƙa niƙewa da inji a gauraya ta a mayar ƙasa ta zama gindi, don kada a yi asararta. Doron titi kuma dole ya ɗan karkata, kamar santimita biyu da rabi a kowace mita, don ruwa ya gangara lambatu kada ya kwana a kai. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga, haka ruwa yake yi da kwalta: tsaga ɗaya ta ishe shi, ya shiga ya laushe ƙasa, tayar tirela ta ƙarasa sauran. Yanzu Ministan Ayyuka Umahi ya ce a koma kankare da rodi, da shi ake yin ragowar ɓangaren Abuja zuwa Kaduna. Ban ƙi ba, kankare yana jure nauyi. Amma ka shimfiɗa shi a kan ciko irin nawa na wancan lokaci ka ga ko ba zai dare ba.

Gobe in Allah ya kai mu za mu fara fegin rafin da ke bayan sansani. Kafin ka taɓa na'urar awo, ka shiga ƙauyen ka nemo min wanda ya fi kowa tsufa a masu noman fadamar, ka gaishe shi da kyau, ka durƙusa, ka ce ya nuna maka inda ruwa ya kai a shekarar da ta fi kowace ruwa. Ka ɗauki jan fenti ka shafa a wurin. In wani ya zo ya ce a rage ko rodi ɗaya, ko ni ne, ka miƙa masa biro da takarda ya sa hannu tukuna.