Tambaya da Amsa: Yadda Giwaye da Maziyarta Suke Zama a Daji Ɗaya a Indiya

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Wani maƙwabcina da ya yi karatu a Indiya ya gaya mini cewa akwai gandun namun daji a can wanda mabiya addinin Hindu suke shiga domin ibada, alhali akwai giwaye da damisa a cikinsa. Shin gaskiya ne? In haka ne, ta yaya namun daji ke iya zama inda jama'a ke tururuwa? Daga mai karatunku, Tudun Wada, Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Maƙwabcinka ya faɗi gaskiya, kuma bayaninsa ya fi dacewa da gandun Periyar da ke jihar Kerala a kudancin Indiya. An keɓe wannan daji a 1950 domin kare namun daji, a 1978 kuma aka shigar da shi cikin shirin ceto damisar Indiya mai zane-zane. Faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 925, kuma a tsakiyarsa akwai tafki da ya samu bayan gina madatsar ruwa ta Mullaperiyar a 1895.

A cikin wannan daji, kan wani tsauni, haikalin Sabarimala yake, inda Hindu ke bauta wa Ayyappa. A labarinsu, an aike shi daji ya samo nonon damisa, sai ya dawo yana bisa bayanta, shi ya sa suke ganin dajin da namunsa mallakarsa ne. Imaninsu ke nan, mu kuwa bayani kawai muke yi. Mai niyyar ziyara yakan yi kwana 41 yana ƙaurace wa nama da giya da kusantar iyali, ya sa baƙaƙen tufafi, ya bar takalmi. Ranar tafiya sai ya ɗora wani ƙunshi mai aljihu biyu a ka, a cikinsa da kwakwa wadda aka huda aka cika da man shanu, ya yi wanka a kogin Pamba, ya hau tsaunin da ƙafa har ya isa matakala 18 da ke ƙofar haikalin. Abin da zai ba ka mamaki shi ne, da yawa cikinsu sukan fara yada zango a garin Erumeli, su ziyarci masallacin da ake jingina wa wani Musulmi mai suna Wabar, wanda suke cewa aminin Ayyappa ne.

Game da kashi na biyu na tambayarka, a ganina babban sirrin shi ne lokaci. Ba kullum haikalin yake a buɗe ba. Babbar ziyara daga tsakiyar Nuwamba zuwa tsakiyar Janairu take, sauran watanni kuwa 'yan kwanaki ne kawai a farkon kowane wata na kalandarsu, saboda haka dajin yana samun hutu mai tsawo. Ban da haka, hukumar gandun ta ɗauki wasu tsofaffin masu satar albarkatun dajin aikin gadi, tunda babu wanda ya fi su sanin lungunansa.

Duk da haka, kada a ɗauka babu ɓarna. Miliyoyin mutane ne ke ratsa dajin cikin wata biyu, suna barin leda da robar ruwa, wasu kuma suna jefa tufafinsu a kogin Pamba. An taɓa tsintar gawar giwa, da aka buɗe cikinta sai ga leda jibge, kuma Babbar Kotun Kerala ta haramta shiga wurin da leda. A Janairun 2011 turmutsutsu ya hallaka maziyarta fiye da 100 a Pullumedu, cikin dajin.

Wannan na tuna mini da Dutsen Kufena a nan Zariya, wanda magabata suka girmama kafin Musulunci ya kafu. Duk wanda ya bi ta gefensa bayan taron shaƙatawa ya ga ledar ruwa da iska ta maƙala a jikin ƙaya, to ya ga ƙaramin misalin abin da ma'aikatan Periyar suke kwashewa kowace shekara idan maziyarta suka watse a watan Janairu.